Kwana uku a ɗakin Baba: yadda na zaɓi amfilifayar jita mai kwalba



Yau ba maganar waya ko kwamfuta na zo da ita ba, ko da yake waya za ta shigo cikin zancen a gaba. Labarin kaina zan ba ku, na yadda na kusa zuba kuɗin adashin shekara biyu a kan na'urar da ba ta dace da ni ba, don kawai na gan ta a YouTube.

Ni makaɗin jita ne. Mu biyar ne a ƙungiyarmu a nan Yamai, muna kiɗan biki, irin kiɗan jitar nan na mutanen Agadas. Shekara tara ina aiki da wata 'yar amfilifaya mai tiransisto da na saya a hannu. Ba ta taɓa ba ni kunya a gaban jama'a ba, amma kuma ba ta taɓa sa tsigar jikina ta tashi ba. Duk dare in na dawo gida sai in kwanta da waya ina kallon Turawa suna gwada manyan amfilifayoyi masu kwalba, data tana ƙarewa, rai yana biyawa.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba, tsohon makaɗi ne, ya yi yawon wasa a Turai a zamaninsa, yana da ɗan situdiyo a cikin gidansa. A tsawon shekaru ya tara amfilifaya uku masu kwalba: Fender Deluxe Reverb, da Marshall Super Lead, da Mesa/Boogie Dual Rectifier. Da yanar ido ta matsa masa aka ce sai an yi aiki, sai ya yanke shawarar sayar da ɗaya. Ya aiko aka kira ni. Kuɗin da ke hannuna na babur ne, Inna ma ta san da zancen, har ta fara lissafin ranar da za ta huta da biyan kuɗin taksi in za ta asibiti.

Na ce, "Baba, Mesa nake so. Gobe zan kawo kuɗin."

Ya ce, "Ba zan karɓi ko dala ba sai ka zo kwana uku ka kaɗa kowacce. Kuma ni zan riƙa kunna maka, don ban manta da abin da ka yi wa ta abokinka ba."

Kunya ta rufe ni. Shekara shida da suka wuce, ɗan'uwan wani abokina ya aiko masa da ƙaramar amfilifaya mai kwalba daga Amurka, na karɓa aro. Ban duba bayanta ba. Wutar Amurka volt 120 ce, tamu 220 zuwa 230. Na sa mata adafta na jona, fiyus ya ƙone nan take. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na yi wayon da muka saba, na naɗe fiyus ɗin da siririyar waya na sake jonawa. Sai wari da hayaƙi. Taransifomar ta tafi. Wata biyar ina biya, kuma har yau gaisuwarmu da abokin nan ba ta koma kamar da ba.

Kafin in shiga labarin kwana ukun, bari in yi bayanin kwalbar nan a taƙaice, don wanda bai taɓa ganinta ba. Amurkawa na ce mata tub, mutanen Ingila na ce mata bawul. Gilashi ne kamar ƙwan fitila wanda aka zuƙe iskar cikinsa. A ciki akwai wani ƙarfe da ake gasawa har ya riƙa sakin lantarki, da wani faranti da ke janyo lantarkin, a tsakaninsu kuma akwai 'yar raga. Ɗan ƙaramin saƙon da ke fitowa daga jita shi ake kai wa ragar, ita kuma ta riƙa buɗe hanya tana rufewa, sai ƙaramin saƙo ya juya babbar wuta. Da ita aka yi rediyoyin da, kafin a ƙirƙiro tiransisto a 1947. Tiransisto ta fi ta araha, ta fi ta sauƙin ɗauka, ba ta zafi kamarta, shi ya sa ta kore ta daga kusan ko'ina. Amma masu jita suka ƙi sakinta, saboda abu ɗaya: in ka matsa wa kwalba fiye da ƙarfinta, muryarta dishewa take yi a hankali, dishewa mai daɗin ji, kamar ta maroƙin da ya kwana yana kirari.

Kuma kwalaben kashi biyu ne. Akwai ƙanana a gaba, galibi 12AX7, su ke fara ɗaga saƙon jita. Akwai manya a baya, irin su 6V6 da 6L6 da EL34, su ke ba lasifika ƙarfi. Ku riƙe wannan, don duk bambancin muryar da da ta zamani a nan yake.

Ranar farko na zo da jitata da wayata. Baba ya kafa doka: jita ɗaya, igiyar jona ɗaya, waƙoƙi uku da na saba kaɗawa a biki, ba canji. Ya sa na ajiye waya a kan kujera taku uku daga lasifika, in ɗauki sautin kowace rana daga wuri ɗaya. Ni kuma na ƙara da tawa dabarar, na sauke manhajar auna ƙara a waya don in daidaita su. Dalili kuwa, kunnen ɗan Adam yana da son zuciya, duk wadda ta fi ƙara ita zai ce ta fi daɗi.

Ya kunna min Mesa. Kai jama'a! Na taɓa tsirkiya ɗaya sai na ji kamar an buɗe ƙofar ɗakin zaki. Sautin ya ƙi mutuwa, yana ta tafiya. Kuma abin mamaki, ƙarar ba ta wuce ta rediyo ba, amma gurnanin yana nan cif.

Ga sirrin. Wanda ya kafa kamfanin, Randall Smith, mai gyaran amfilifaya ne a Kalifoniya. A ƙarshen shekarun 1960 ya fara ɗaukar ƙaramar Fender Princeton yana cusa mata ƙarfin babbar amfilifaya, Carlos Santana na cikin waɗanda suka fara gwadawa. A farkon shekarun 1970 sai ya jera matakan ƙananan kwalabe, wannan na tura wancan, wancan na tura na gaba, har sautin ya dishe tun a gaba, kafin ya isa manyan kwalabe. Sai kuma wani abin murɗawa daban da ke rage ƙarar gaba ɗaya. Wato kana iya samun gurnani ba tare da ka tashi unguwa ba. Dual Rectifier ta fito a farkon shekarun 1990, wat 100 ce, da manyan kwalabe 6L6 guda huɗu, kuma ita ce muryar kiɗan rok mai nauyi na wancan lokacin. A bayanta akwai makunnin da zai ba ka zaɓi tsakanin kwalba da dayod wajen juya wutar da take sha. In ka sa kwalba sai ka ji sautin ya ɗan yi laushi kamar yana numfashi, in ka sa dayod sai ya tsuke ya yi tauri.

Awa biyu na yi ina kaɗawa, ina jin kaina wani gwarzo. Yatsuna suna gudu, ban ji kuskure ko ɗaya ba. Na ce, "Baba, magana ta ƙare." Ya ce, "Allah ya kai mu gobe."

Rana ta biyu Marshall. Kai ne daban, akwatin lasifika daban, mai lasifika huɗu 'yan inci 12. Kafin ya kunna sai da ya duba igiyar da ta haɗa kan da akwatin har sau biyu. Na murɗa ƙara zuwa 2, sai na ji sauti tas, mai kaifi, ba gurnani ko kaɗan. Na ce ina abin da nake ji a faifan Jimi Hendrix? Baba ya yi dariya ya ce in ƙara. Na kai 4, ƙofar langa-langa ta fara rawa. Na kai 6, sai ga shi ya fito, wani irin kaushi mai cika ƙirji, daban da na jiya. Na jiya santsi gare shi, wannan kuwa yana da haƙora. In na taɓa tsirkiya a hankali sai ya yi garau, in na doka sai ya yi ruri. Ban yi minti goma ba yaro ya yi sallama, wai maƙwabta sun ce akwai mara lafiya.

A nan na gane abin da shekarun kallon bidiyo ba su koya min ba. Tsohuwar Marshall ba ta da abin rage ƙara na biyu. Dishewarta daga manyan kwalabe take fitowa, EL34 guda huɗu, kuma ba sa dishewa sai sun kai maƙura. Jim Marshall malamin ganga ne mai shago a Hanwell, yammacin Landan. A 1962 ya fitar da JTM45, wadda aka kwaikwayo daga Fender Bassman, don kayan Amurka sun yi tsada a Ingila a lokacin. Da yake da kayan da ke samuwa a Ingila aka haɗa ta, sai muryarta ta fita daban. A 1965 aka yi mai wat 100, saboda makaɗa irin su Pete Townshend suna neman ƙarar da za ta cika manyan zaure. Don wannan aikin aka yi ta. Sai a 1975 Marshall ta fito da masu abin rage ƙara na biyu, sannan JCM800 ta biyo baya a 1981.

To ni ina zan kai ta? Kai da akwatin ba za su shiga but ɗin taksi tare da gangunanmu ba. Kuma inda take da daɗi, a nan ne amarya da ƙawayenta za su toshe kunne.

Rana ta uku na zo ba wani ɗoki. Deluxe Reverb 'yar ƙarama ce, akwati ɗaya, lasifika ɗaya 'yar inci 12, wat 22 kacal, manyan kwalabe 6V6 guda biyu. Kamfanin Leo Fender ya fito da ita a 1963, ta Baba kuma cikin waɗanda aka sake ƙerawa ce daga baya a kan tsarin ta 1965. Nauyinta wajen kilo 19, hannu ɗaya ke ɗauka. A ƙasan akwatin akwai wani ɗan kwano mai sifirin a ciki, shi ke ba da amsa-kuwwa, kamar kana kiɗa a cikin soro.

Na fara waƙar farko a 3. Wallahi ban kai rabi ba na tsaya. Duk inda yatsana bai danne tsirkiya da kyau ba, sai da ta faɗa. Duk inda na yi gaggawa, sai da ta faɗa. Akwai wani wuri a waƙar da nake tsallake sauti biyu shekara da shekaru, ban ma san ina yi ba, ranar na ji shi ƙarara.

Na ce, "Baba, wannan tana da matsala."

Ya miƙo hannu na ba shi jitar. Da yatsunsa masu ciwo ya kaɗa wurin nan a hankali, kowane sauti ya fito ɗaya bayan ɗaya kamar ana zuba tsakuwa a faranti, tsirkiyar sama tana ta amo a ƙarƙashi. Ya miƙo min ya ce, "Ɗana, matsalar ba a akwatin take ba."

Na yi shiru. Daga baya na kai ta 5, sai ta fara dishewa kaɗan-kaɗan, ƙarar kuma ba ta fi ƙarfin ɗakin ba. Na rage ƙarar daga jikin jita, ta koma garau. Na ƙara, ta dishe. Ashe abin da Marshall ta yi jiya da ƙarar da ta tashi maƙwabta, wannan tana yin irinsa a ƙarar da mutum zai iya zama kusa da ita.

Wani zai ce wat 22 ina za ta kai a gaban wat 100? Nan ma akwai abin da mutane ba su sani ba. Ƙara ba ta bin wat kai tsaye. Sai ka ninka wat kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu. Abin da wat mai yawa ke ba ka shi ne sautin ya daɗe yana garau kafin ya dishe.

Daren nan na sa abin sauraro a kunne na saurari ɗaukar kwana ukun a jere. A nan jikina ya yi sanyi. Kiɗanmu na yatsu ne, sautuka ƙanana masu bin juna da sauri, suna zagayawa suna dawowa, da tsirkiya ɗaya da ke amo ba tsayawa. A ɗaukar Mesa duk sun narke sun zama kunu. Gwanintar da na ji na yi ranar farko, gurnani ne ya rufa min asiri. A ɗaukar Fender kurakuraina suna nan tsirara, amma waƙar ma tana nan, ana jin kowane taku nata.

Kada wani ya ɗauka kushe Mesa nake yi. Wanda ke kiɗa mai nauyi, yana dukan tsirkiyoyin ƙasa yana so su tsaya cak, Deluxe Reverb ba za ta yi masa ba, ƙasanta sakin jiki yake in an matsa mata. Kuma gurnani yana da gurbinsa ko a kiɗanmu. Duk wanda ya saurari Afrique Victime na Mdou Moctar da ya fito a 2021 ya san haka, ko Nomad na Bombino da aka ɗauka a Nashville ya fito a 2013. Sai dai ka saurare su da kyau, za ka ji duk da kaushin, sautukan ba su ɓace ba, don hannun ya riga ya nuna kafin a ƙara masa wuta.

Washegari na kai wa Baba kuɗin na ɗauki Fender. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Ya dai zaunar da ni ya karanta min sharuɗɗa, ni ma ga su na ba ku, da abin da na ƙara sani daga baya:

1. Duba bayanta kafin ka jona. In an rubuta 120V, sai da taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya ishe ta. Adafta bakin fulogi kawai take canzawa, ba ta rage wuta.

2. In fiyus ya ƙone, akwai dalili. Nemo irinsa daidai, kada ka naɗe shi da waya. Ni shaida ne.

3. Kada ka kunna ta ba lasifika a jone, taransifomar da ke kai sauti ga lasifika na iya ƙonewa. Kuma lambar om ta dace, 8 da 8, 16 da 16.

4. Kada ka buɗe cikinta. Akwai kafasito masu riƙe wuta sama da volt 400 ko bayan an cire fulogi, suna iya kisa. Wannan aikin mai gyara ne wanda ya san kwalba.

5. Ka ba ta kamar minti ɗaya ta yi ɗumi kafin ka fara, in ka gama kuma ka bar ta ta huce kafin ka ɗauka. Kada ka jingina bayanta da bango, tana son iska. Da hunturu ka riƙa rufe ta in ta huce, saboda ƙura.

6. Wutar janareta mai hawa da sauka ba ƙawarta ba ce. Ka sa mata sitabilaiza mai kyau.

7. Kwalabe suna tsufa, musamman manyan. Yanzu ƙasashe kaɗan ke ƙera su, irin su Rasha da Sulobakiya da Sin. Manyan ana canza su ne tare, waɗanda aka auna suka dace da juna, sannan mai gyara ya saita musu wuta.

Ga wanda ba shi da Baba a unguwarsu, wayar hannunka ma za ta yi maka rabin aikin. Akwai manhajoji irin su AmpliTube da ke kwaikwayon muryoyin nan, sai ka nemi ɗan abin haɗa jita da waya irin su iRig. Ka gwada dangin Fender, da dangin Marshall, da na Vox AC30 da Beatles suka yi amfani da ita, da masu gurnanin zamani. Ka ɗauki kanka kana kaɗa waƙar da ka saba, ka daidaita ƙararsu, ka bari sai gobe ka saurara. Kada ka yanke hukunci da lasifikar waya, ba ta fitar da ƙasan sauti. Kada kuma ka yanke da bidiyon wani, don abin da kake ji a ciki ya haɗa da hannunsa, da jitarsa, da lasifikarsa, da makirfonsa, da gyaran da aka yi bayan ɗauka. Gaskiya kwaikwayon ya yi nisa, tun da irin su Kemper suka fito a 2011, a cikin faifai da wuya kunne ya bambance. Ni inda nake jin bambancin shi ne a yatsuna, lokacin da nake tsaye a gabanta. In wannan bai dame ka ba, ka riƙe kuɗinka.

Yanzu wata takwas ke nan. Ba zan ce muku komai lafiya lau ba. A filin biki wat 22 ba ta isa ita kaɗai, sai mun sa mata makirfo a gaba mun tura cikin manyan lasifikoki. In bikin na bayan gari ne, ƙura da janareta, a gida nake barinta in ɗauki tsohuwar mai tiransisto. Kwalba ɗaya ta fara tsatsa a wata na biyar, sai da na jira sati bakwai kafin wani mai dawowa daga Faransa ya taho min da sabbi. Babur kuma har yau babu. Inna in ta ga ina goge ta sai ta ce, "To, hau ta mana ta kai ka kasuwa."

An yi wa Baba aikin ido, alhamdu lillahi yana gani. Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi da jitata, na kaɗa masa wurin nan da nake tsallakewa. Wata uku na yi ina maimaita shi kullum bayan Isha'i, ƙarar a 2 don kada in tashi yara. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Saura na biyun." Na dawo gida na sake saurara a waya, wallahi da gaskiyarsa.

Wanda ke da tambaya kan haɗa jita da waya, ko kan duba amfilifaya ta hannu kafin saye, ya ajiye a ƙasa, in Allah ya yarda zan amsa gwargwadon abin da na sani. Allah ya sa mu dace.